Katako ko Raga

Ban taɓa zaton falankin katako zai raba maza biyu masu furfura ba, sai da na gani da idona, kuma ɗaya daga cikinsu mijina ne.

Lokacin muna zaune a Lugbe, shekarun da farar hula suka dawo mulki, gari yana ta kumbura kamar ƙullin fanke. Ko'ina tifa, ko'ina bulo, kowa da wayar hannu a kunne yana ihu wai ba ya ji. Ni ina koyarwa a makarantar sakandare, Malam kuma, wato maigidana, yana ma'aikatar tarayya, sashen tsare-tsare. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabcinmu, mutumin Filato, Kirista, wanda duk layin ke kira Baban 'Yan Biyu. Ma'aikatarsu ɗaya da Malam, mota ɗaya suke tafiya, yau tamu gobe tasu. Ranar Sallah shi ke riƙe ƙafar ragonmu ana fiɗa, ranar Kirsimeti Malam suke kira ya yanka musu akuya don mu ma mu ci. Autata ma naƙudarta ta zo Malam yana tafiyar aiki, Baban 'Yan Biyu ne ya kai ni asibiti, matarsa tana riƙe da ni a kujerar baya. Ban da wasu 'yan'uwa a Abuja da suka wuce mutanen nan.

Sai aka rage ma'aikata, sunansu ya fito tare.

Kai, Allah ya raba mace da mijin da aka sallama daga aiki yana da sauran ƙarfi! Mutumin da ya saba ana kawo masa takarda ya yi gyara, yanzu babu abin gyarawa sai ni. Ya fara leƙa tukunya, ya fara tambayar me ya sa ake sa albasa kafin tumatir. Baban 'Yan Biyu shi kuma ya kwance famfon gidansu ya ɗaura, ya kwance namu ya ɗaura, alhali lafiyarsu ƙalau. Shi haka Allah ya yi shi, in ya ga abinka yana neman lalacewa ba zai tambaye ka ba, sai dai ka dawo ka tarar an gyara. Ni da Maman 'Yan Biyu muka dinga haɗuwa a bakin katanga muna roƙon Allah ya kawo musu abin yi kafin su kashe mu.

Abin yin ya zo, kiwon zuma. Suna da fili a Kurudu da suka saya tare tun wurin yana daji, wai za su yi gini, ginin bai yiwu ba. Aka yi wata bita ta masu ritaya, suka je, suka dawo da fararen kaya irin na masu zuwa wata, da hula mai raga, da gwangwanin hayaƙi. Ranar na ga Malam yana dariya har da buga cinya, na ce alhamdulillahi.

Ni da na taso, amya na sani, ta ciyawa, a rataye a kan ɗorawa. Tasu ta zamani akwati ne na katako, da murfi a sama, da 'yar tsaga a gaba inda ƙudan zuman ke shiga da fita, an ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe. Ashe gindin akwatin iri biyu ne. Ko a rufe shi ruf da falankin katako, ko a buga masa ragar waya mai ƙananan ido, wadda ƙuda ba zai iya ratsawa ba amma iska na shiga, datti na zubowa ƙasa. Mai koyar da su ya nuna musu duka biyun, ya ce kowanne da amfaninsa, kowa ya duba wurinsa ya zaɓa. Da bawan Allahn nan ya san su, da ya zaɓa musu ya huta da alhaki.

A tsakar gidana aka fara, suna shan shayi.

Malam ya ce, "Katako. Ina ka taɓa ganin kogon bishiya da taga a gindi? Zuma duhu take so. Ka bar mata haske ta ƙasa, ta tattara ta gudu. Ga kiyashi, ka buɗe masa ƙofa dubu."

Baban 'Yan Biyu ya ce, "Haba Malam! Zafin Abuja fa? Kai da kanka kana kwana a waje in an ɗauke wuta. Ka rufe shi sama da ƙasa, saƙan zai narke. In damina ya zo kuma ruwa ya kwanta a kan katako, ya ruɓe. Ga gara. Ka manta garan Kurudu? Ya cinye mana turakun shinge tas."

"Ƙafafun na ƙarfe ne, Maƙwabci."

"Gara yana hawa ƙarfe, yana gina hanyansa da ƙasa."

Na ce musu su yi rabi da rabi mana, in ya so zumar ta raba gardama. Suka dube ni kamar na kawo wahayi. Na ɗauka na kashe wutar ke nan, ashe gasa na buɗe. Aka je kasuwar Utako aka yanko raga, kafinta ya buga akwatunan, rabi masu katako rabi masu raga. Aka jera na Malam ta gabas, na Baban 'Yan Biyu ta yamma, 'yar rumfar ciyawa da suka kafa don hutawa tana tsakiya. Daga ranar bakinsu ya canza. Da sai ka ji "akwatunanmu", yanzu sai "nawa" da "naka".

Zuma ta fara shiga na Malam. Tabɗi! Mutumin nan bai bar kowa ya sha ruwa ba. Ya gaya wa mai shago, ya gaya wa limamin unguwa, ya gaya wa mai kawo mana ruwa a kura. In Baban 'Yan Biyu ya shigo sai ya ce, "Ya baƙin naka, har yanzu ba su ga taga ba?" Shi kuma sai ya yi dariya ya ce a bari rana ta yi zafi tukuna. Daga baya nasa ma suka shiga, har suka fi na Malam cika, Malam ya ce ai ragowar nasa ne suka rasa wuri.

Da bazara ta kai bazara, irin zafin nan da ko kaza sai ta buɗe baki, saƙa ta narke a ɗaya daga cikin akwatunan Malam. Suka je suka tarar ta zube a kan katakon, zuma tana ɗiga ta ƙofa, ƙuda sun dulmiye a ciki. Malam ya ce laifin inuwa ne, bishiyar wajen ta zubar da ganye. Wataƙila ma gaskiyarsa, ni ban sani ba. Har zuwa nan dai wasa ne, tare suka dawo suna musu a mota.

Abin ya lalace ne a wajen bikin 'yar wani tsohon abokin aikinsu. Aka zaunar da su tebur guda, duk waɗanda aka sallama tare, mu mata muna teburin kusa. Wani ya tambayi labarin zuma. Baban 'Yan Biyu ya miƙe, ga shi da iya ba da labari, ya kwaikwayi Malam a durƙushe yana tarar zuma da murfin kwano. Aka yi dariya, har da Malam. Da ya tsaya nan da shi ke nan. Sai daɗin dariyar ya kwashe shi ya ƙara da cewa, "Ai haka Oga yake tun a ofis. Ya rufe ƙofa, ya rufe taga, har aka zo aka fitar da shi bai ji iskan abin ba."

Teburin ya kwashe da shewa. Ni kuwa cokali ya tsaya mini a hannu, don na san abin da ba su sani ba. Malam shi ya yi aikin tsarin ragewar da hannunsa, bai taɓa kawo wa ransa yana ciki ba, kuma tun da abin ya faru bai taɓa furta shi ko a gabana ba. Na ga ya yi murmushi, ya gyara hularsa, ya ci gaba da cin shinkafa.

Washegari ya tafi Kurudu shi kaɗai.

Wallahi na ɗauka fushin kwana biyu ne. Sai ga mako ya wuce, wani ya bi. Baban 'Yan Biyu ya shigo ba sau ɗaya ba, Malam ya ce a ce yana barci, mutum yana jin tarinsa daga falo. Daga nan shi ma ya yi zuciya ya daina zuwa. Suka raba ranaku ba tare da sun yi magana ba, Malam Asabar, shi tsakiyar mako. Motar Baban 'Yan Biyu ta lalace a lokacin, sai ya dinga hawa bas ya ratsa gari, ya sha gosulon Nyanya, ya ƙarasa da acaɓa, ga motarmu a ajiye. Ni da matarsa ba mu fasa miƙa wa juna kwano ta kan katanga ba. Ta ce mini, "Maman yara, mutumin nan ba ya barci. Ya san ya yi ɓaranɓarama, bakin ba da haƙurin ne babu." Na ce nawa ma kunnen ji ne babu. Na yi wa Malam magana da lallashi, na yi da faɗa. Na ce, "Malam, shekara nawa? A kan gindin akwati?" Ya ce ba a kan akwati ba ne. Na ce na sani, amma shi ma ai tare aka sallame ku. Ya ɗauki rediyonsa ya fita.

Ruwa ya fara sauka. Na shuka kuɓewa da rama a gefen filin, don haka wata Asabar da safe na bi shi in duba. Mun ajiye mota a bakin hanya, ya sa fararen kayansa, ni na ɗora hular raga a kan hijabina, muka taka.

Shirun na fara ji. In ka doso wurin, tun daga nesa kana jin gunjin ƙuda ta ɓangarori biyu. Ranar ta yamma kawai ake ji. Sai wari ya biyo baya, warin gareji haɗe da wani abu mai hawa kai.

Malam ya tsaya cak a gaban akwatin farko. Na leƙa ta bayansa, na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙuda ne a zube a bakin ƙofa, tuli, baƙi ƙirin. A ƙasa ma haka, kiyashi yana ta ja. Waɗanda ba su gama mutuwa ba suna juyawa a wuri guda, ƙafafu a sama. Ya ɗaga murfi, babu wanda ya taso masa. Ya zura hannu ya ɗebo su cike da tafi daga kan katakon gindin, ya zubar, ya sake ɗebowa. Ya wuce na biyu, haka. Na uku, haka. Duk jerin gabas babu akwati ɗaya mai rai. Ni da nake tsoron harbinsu, ranar na yi ta addu'a ko guda ɗaya ya taso ya harbe ni.

Sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ya shafa, ya fito da safar hannunsa baƙa, tana maiƙo. An shafe gindin kowane akwati da baƙin mai, har leɓen ƙofar da ƙudan ke sauka a kai, an bi kowace tsaga an cika. Ba kuma baƙin mai kaɗai ba, da magani a ciki, warin har yaji yake a ido. Ya tashi ya tafi jerin yamma, ya leƙa ƙarƙashin na Baban 'Yan Biyu ɗaya bayan ɗaya. Raga fes, ƙuda suna ta hidimarsu.

Akwai wata mata 'yar ƙauyen da ke noman doya a gonar da ke jikin tamu. Malam ya ɗaga murya ya gaishe ta, ya tambaye ta ko ta ga wani a wajen akwatunan. Ta ce babu kowa sai abokinsa. Ta ce ya zo cikin makon da galan a hannu, ya sa farin kaya, ya daɗe a kwance a ƙarƙashin na wannan gefen yana shafa abu. Ta faɗa hankalinta kwance, ta koma kan kunyarta.

Na ce, "Malam, tsaya. A kira shi a ji." Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Na ɗaga ta sama, na hau kan suri, babu. Kafin in sauko na hango shi ya nufi mota.

Lokacin ana wahalar mai, kowa da jarkar fetur a but ɗin mota. Da na ga ya dawo da ita, wallahi tunanina gawarwakin zai ƙone saboda warin. Sai na ga ya wuce jerinsa. Ya je rumfar da suka kafa tare, ya finciko ciyawar rufin, busasshiya ta ciki, ya dinga cusawa a ƙarƙashin akwatunan yamma, dami dami, daidai saitin ragar.

Na ruga na riƙe masa riga. Na ce, "Malam, kana hauka ne? Rayuka ne fa a ciki! Me suka yi maka? Ka ji tsoron Allah!" Mutumin nan ko ƙadangare ya shigo ɗaki ba ya bari a kashe, sai dai a kora. Ya juyo ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure, ya ce in sake shi. Ta cikin ragar hular na ga idonsa, ban san mai idon ba. Hannuna ya saki da kansa.

Ya yayyafa fetur, ya ƙyasta ashana.

Da gindin katako ne, da wataƙila wutar ta ɗan tsaya cin falanki, da mutum ya samu lokacin dawowa hayyacinsa. Raga ba ta tare komai. Harshen wutar ya ratsa ta kai tsaye ya shiga cikin saƙa. Na ji gunjin ya tashi sama, ya zama wani irin kuka da ban taɓa ji ba, ban kuma fatan in sake ji. Kaki ya narke yana zubowa ta idon ragar yana ci da wuta. Ƙuda suka dinga fitowa ta ƙofa da fiffike a ƙone, suna faɗuwa a ƙasa. Waɗanda suka tsira suka cika sama, suna dukan hulata kamar ana watsa tsakuwa. Ƙanshin zuma ya gauraye da ƙauri. Matar nan mai doya ta yar da fartanya ta gudu tana salati irin nasu. Ni na zauna daɓas a cikin kuɓewata, bakina a buɗe, na kasa ko kuka. Ina ta faɗa a raina, wannan mijina ne, wannan uban 'ya'yana ne.

Ban ji tsayawar acaɓa ba. Ihu kawai na ji daga bakin hanya.

"Malam! Malam! Wuta! Ka ja naka baya, iska yana zuwa wajenka!"

Baban 'Yan Biyu ne, a guje, jakar kayansa a kafaɗa, galan a hannu. Ko hula bai tsaya sawa ba. Bai nufi nasa da ke ci ba, jerin gabas ya nufa, ya rungumi akwatin farko zai ɗaga shi daga hanyar wuta. Sai ya ga abin da ke bakin ƙofa. Ya saki. Ya dubi ƙasa, ya dubi na gaba.

"Me ya same su?"

Malam yana tsaye, hannayensa a baya. Maganarsa ta farko ke nan da shi tun ranar biki. Ya ce, "Wa ya shafa musu baƙin mai?"

"Ni ne. Gara ne, Malam. Na zo na ga ya gina hanya a ƙafan ƙarfe, ya kai katako, ya fara ci. Duba nan, ga sawunsa." Ya nuna, ga shi kuwa, jan layin ƙasa ya hau ƙarfen har sama, an kankare rabinsa. "Na ce kafin Asabar zai huda. Sai na haɗa baƙin mai da maganin gara, irin wanda muka shafa wa katakon rufin gidanka. Ta waje kawai na shafa, ban taɓa ciki ba. Ga ragowan ma na kawo maka, na ce yau kana nan, in nuna maka, mu..."

Bai ƙarasa ba. Na ga maganar tana isa kansa tun tana bakinsa. Duk wanda ya yi gini a garin nan ya san haɗin, ba a ɗora kwanon rufi sai an shafe katako da shi, kuma babu wanda ya taɓa cewa yana kashe wani abu ban da gara. Shi katako ya gani yana lalacewa, ya yi masa abin da ake yi wa katako. Rana ta dake shi, warin ya bi tsagogi ya cika akwatin da ba shi da mafitar iska, ƙudan kuma duk mai shiga sai ya taka leɓen.

Galan ɗin ya faɗi daga hannunsa. Ya ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Allah. Wayyo Allah na. Ni na kashe su? Malam, ni na kashe maka?" Ƙuda suna harbinsa a wuya, a kunne, ko korarsu ba ya yi. Dattijo da jikoki, ya durƙusa a gaban mijina, gwiwa biyu a ƙasa. "Ka yi haƙuri. Ka yafe mini. Wallahi gyara na zo yi. Da na biki, da wannan, duka ka yafe mini. Bakina ne, hannuna ne, ban san me ke damuna ba."

Na dubi Malam. Har yanzu hannayensa suna baya.

Sai Baban 'Yan Biyu ya zabura ya miƙe, kamar yanzu ya tuna da wutar. Ya karyo reshen ɗanyen ganye. Ya ce, "Zo mu kashe. Na ƙarshen can bai kama sosai ba. Duk abin da ya tsira naka ne, Malam, ka ɗauka, ka cire ragan ka sa katako, ban ce komai ba." Ya shiga dukan wutar, hayaƙi yana turnuƙe shi, yana tari yana magana. "Wane marar imani ne ya yi wannan? Ciyawa fa aka tura a ƙasa. Maman yara, kun ga wani? Kun tarar da shi yana ci ne?"

Ni ya tambaya. Ban iya yi masa ƙarya ba, ban iya faɗa ba. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa.

Malam ya fito da hannayensa daga baya. Kwalin ashanar yana nan a tafinsa. Ya cire hular ragar ya yar, ya tsaya da fuska a buɗe a cikin ƙudan.

Ya ce, "Ni ne, Maƙwabci."

Reshen ya tsaya a sama. Baban 'Yan Biyu ya juyo, idonsa ɗaya ya riga ya kumbura ya rufe. Da ɗayan ya dubi ashanar, ya dubi jarkar da ke yashe a gindin rumfa, ya dubi rumfar da aka yaye wa rufi. Ya daɗe yana kallon Malam. Na jira ihu, na jira zagi, wallahi da ya ɗaga reshen nan ya shauɗa masa da na ji sanyi. Bai yi ko ɗaya ba.

Ya ce, "Ka ɗauka da gangan na yi."

Ba tambaya ba ce.

"Ni," in ji shi, yana nuna ƙirjinsa. "Ni."

Ya juya ya ci gaba da dukan wutar, a hankali yanzu, duka ɗaya bayan ɗaya. Akwati na biyu ya rufta, ragarsa ta faɗo ƙasa ja wur, ƙuda a manne a jikinta. Malam ya taka da ƙyar ya je ya karyo nasa reshen, ya matso kusa da shi, ya ɗaga zai taya shi.

Baban 'Yan Biyu bai waiwayo ba. Ya miƙa hannu ɗaya ya tare shi, ya ce, "A'a, Malam. Bar shi kawai. Nawa ne."